Gashin Idon Da Na Hana Ruwa

Masu karatu, duk wanda yake cin abinci ya ajiye cokalinsa tukuna. Na faɗa tun da wuri, don kada wata ta biyo ni a ƙasan rubutun nan tana cewa na tayar mata da zuciya. Abin da zan ba ku yau, ni kaina in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ni ce autar gidanmu, kuma Auta kowa yake kirana har maƙwabta. Na gama karatu ina zaune a gida, kun kuwa san zaman gida ga budurwar da ta gama karatu: ko ciwon kai kika yi sai an ce da kina ɗakinki da bai same ki ba. Umma ba ta faɗa, ajiyar zuciya ce aikinta. Da ta ji an ɗaura auren 'yar wata sai ta kalle ni, ta kalli silin, ta sauke numfashi. Mai faɗan ita ce Yaya, wadda ta yi aure har da yara biyu amma kullum tana gidanmu kamar ita aka bar wa gadinsa.

Yayar ce ta ja ni aka ƙara mini gashin ido, wai don hoton kammala karatu. Ta ce idona kamar na wadda ta tashi daga zazzaɓi. Shagon yana saman wani bene, matar da ke aikin kowa Madam yake ce mata. Ba irin na kwali ba ne da ake mannawa da safe a ɓare da yamma. Wannan sili-sili ake ɗauka da hantsaki, a tsoma gindin a gam, a liƙa a jikin naki na ainihi. Na roƙe ta ta sa mini gajere, wanda ba zai yi ihu ba. Ta kuwa iya aikinta, don da na duba madubi ni kaina na ɗan tsaya ina kallon yarinyar da ke ciki.

Ina saukowa, idona na ta ruwa saboda yajin gam, wayata ta suɓuce ta gangara matakala tana tsalle. A bakin wani shago ta tsaya, shagon gyaran waya da ke daidai ƙasan benen. Mai shagon ya tsince ta, ya juya ta, ya dube ni. Dogo ne, mai tsabta, rigarsa a goge. Injiniya ake kiransa a layin.

"Gilashin ne kawai," in ji shi. "Zauna in canza miki."

Yana aiki yana satar kallona. Can ya ce, "Kin san duk matan da ke saukowa daga saman nan da tsintsiya a fuska suke saukowa? Ni abin ƙyama yake ba ni. Ke kuwa daga gani naki na Allah ne."

To, jama'a, a nan ya kamata in yi dariya in ce masa yanzu aka gama liƙa shi, ko bushewa bai yi ba. Amma bakina ya riga hankalina.

"Ƙawata na raka," na ce, har da sunkuyar da kai.

Daga ranar ya riƙe lambata. Kullum da safe saƙonsa ne yake tashe ni: "Barka da asuba, Mai Ido." Ba da daɗewa ba ya fara zuwa gida da yamma, mu zauna a falo, Umma ta sa a fito da kofunan da ba a taɓawa sai baƙo. Ba zan ɓoye muku ba, na kamu. Ya iya magana, ya iya saurare, kuma in ya yi dariya har kafaɗunsa rawa suke yi. Umma ta daina kallon silin. Har waƙe-waƙe na ji tana yi a kicin.

Matsalar ita ce irin wannan gashin ba ya zama har abada. Naki na ainihi yana zubewa da kansa, in ya tafi sai ya tafi da na kantin. Shi ya sa ake komawa ciko bayan 'yan makonni. Ni kuma ta ina zan koma? Matakala ɗaya ce tal a benen, kuma a bakin shagonsa take. Ko kyanwa ce ta hau sai ya gan ta.

Na kai kuka wurin Yaya. Tana kwance a kan doguwar kujera tana danna waya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sai ki sa ya daɗe," ta ce.

"Ta yaya?"

"Me Madam ta ce miki?"

Na gaya mata. Madam ta ce kada ruwa ya taɓa shi a ranar farko, daga nan kuma in riƙa wanke shi kullum da wani sabulu mai kumfa da ta ba ni a 'yar kwalba, in taje da ɗan burushi, in guji mai, kada in murza.

Yaya ta tashi zaune. "Ki wanke? Kullum? Ke dai Auta karatun banza kika yi. Wace mai sana'a ce za ta gaya miki abin da zai hana ki dawowa? So take ya zube ki koma. Gam da ruwa ina suka taɓa shiri? Kawo kwalbar."

Na kawo, ta jefa a jakarta. Wallahi a lokacin maganarta ta yi mini ma'ana.

Nan ta kafa mini dokoki. Ba wanke ido. Fuska sai dai in goge da jiƙaƙƙen tishu, in zagaye idon daga nesa. Wanka daga wuya zuwa ƙasa. Ba shiga kicin, don tururi yana narkar da gam, albasa kuma tana sa hawaye. Ba kuka, ko mutuwa aka yi. Barci a rigingine, filo ɗaya a dama ɗaya a hagu don kada in juya. Alwala kuwa, Allah Ya yafe mini, da ɗan yatsa nake bin gefen idon kamar mai tsoron taɓa garwashi. Umma ta gan ni sau ɗaya a bakin famfo. Ta buɗe baki, ta tuna da Injiniya, ta rufe, ta wuce ɗaki.

Da farko daɗi na ji. Wa zai ƙi a ce an yafe masa girki da wanke-wanke? Ina zaune ƙarƙashin fanka kamar baƙuwa, Yaya na fama da tukunya tana harara ta. Gashin kuma ya tsaya cak, ko sili bai faɗi ba. Yaya ta riƙa cewa, "Kin gani? Da kin bi ta waccan matar da yanzu kina nan fayau."

Sai ƙaiƙayi ya fara.

Ba irin wanda ake sosawa ya wuce ba. Wannan a gindin gashin yake, can ƙasa, kamar ana yawo a wurin da ƙananan ƙafafu. Ga shi an hana ni murzawa. Sai in ɗauki tsinken sakace in riƙa ɗan caka gefen fatar a hankali, ina cije leɓe. Da safe kuwa ido ba ya buɗuwa sai na sa yatsu biyu na raba shi. Kwantsa ta daina zama a lungu, ta hau gashin ta bushe, ta zama ɓawo-ɓawo rawaya. Hodar jiya tana nan, kwallin shekaranjiya yana nan, gumi ya zo ya dama su wuri ɗaya. In Injiniya zai zo, maimakon in wanke, sai in ƙara zizara baƙin kwalli a kai don ya rufe. Ƙazanta a kan ƙazanta, ni da hannuna.

Duk da haka ya fara zubewa. Ba sili-sili ba, dunƙule-dunƙule, don dattin ya haɗe su. In tashi in ga guda a kan filo kamar mataccen gizo-gizo. Na ce da Yaya mu nemi wani shagon. Muka je ɗaya can nesa. Matar ta leƙa idona, ta ja baya, ta ce ita ba ta ciko a kan wannan, sai dai ta cire duka a bar idon ya huta. Yaya ta fizgi hannuna muka fito.

"Ya huta? Mutumin yana shirin turo magabatansa za a ce ya huta? Bar ni da shi."

Ta ce in riƙa tara duk wanda ya faɗi. Na samu murfin kwalbar man shafawa na riƙa zubawa a ciki. Ranar da Injiniya zai zo, sai ta kwantar da ni a cinyarta, ta ɗauko baƙin gam ɗin da take manna ƙarin gashin kanta da shi, mai warin roba, ta tsoma kowane dunƙule ta mayar mini. Ba ta wanke su. Da ɓawon, da komai. Wani lokaci ta ɗan hure shi da bakinta, wani lokaci ta goge a zaninta. Gam ɗin yana yaji har cikin hancina.

"Yaya, zafi."

"Aure ma zafi ne. Rufe ido."

Shi kuwa gogan naku yabo sai ƙaruwa yake. Mu zauna a falo, na zaɓi kujerar da ke nesa da ƙwan lantarki, na ja mayafi har goshi, na fesa turare har a gira. Sai ya karkato ya ce, "Yau idon nan ya ƙara cika. Me kike shafa masa?"

"Ba komai."

"Ikon Allah. Har wani ja-ja yake yi, kamar na mai jin barci."

Ya koma gida ya turo: "Na kasa mantawa da idon nan. Turo mini hotonsa, kusa-kusa." Sai in ɗauka daga nesa, in bi shi da gyara har fuskar ta zama kamar ta 'yar tsana, in tura. Ya maido da zuciyoyi ja guda nawa. Ni kuma in ajiye wayar in ɗauki tsinke.

Warin ne ya fi damuna. Kun taɓa shinshina bayan ɗan kunnen da ya daɗe ba a cire ba? To, shi. Ina taɓa gefen idon in kai yatsa hanci, in ji warin, kuma ban fasa sake taɓawa ba. Na tsani madubi. Na tsani filona, wanda ya yi ɗigo-ɗigon baƙi da rawaya. Na tsani kaina, yarinyar da a makaranta ake tsokana saboda yawan wanka.

Ana cikin haka ya ce mahaifiyarsa, Hajiya, tana so ta zo gidanmu ta gan ni kafin a turo manya. Umma ta sa aka wanke labule, aka kakkaɓe kujeru, aka canza ledar tsakar ɗaki. Ana gobe za ta zo, na farka idona na hagu ya ƙi buɗuwa ko da yatsu. Fatar ta kumbura ta yi sheƙi, wani ƙurji ya fito a bakin gashin da farin kai. Na ɗan danna, wani ruwa mai kauri ya fito ya bi gashin ya tsaya a tsininsa yana lilo.

Na yi ƙara. Umma ta shigo da carbi a hannu, ta kama haɓata ta juya ni wajen taga. Ta daɗe tana kallo. Sai na ga ta kawar da kai ta toshe hanci da gefen mayafinta. Uwata, wadda ta wanke mini kashi.

"Tashi ki je wurin wadda ta sa miki ta cire," ta ce. "Yanzu."

Yaya ta leƙo daga ƙofa. "Umma, gobe fa Hajiyar za ta zo. A sa mata tabarau mana, a ce ciwon ido ake yi a gari."

"Ke kuma ki rufe mini baki. Miji nake nema mata, ba sandar makafi ba."

Na zura doguwar riga ruwan toka, na yafa baƙin mayafi, na ɗora tabaran Yaya mai faɗi wanda ya rufe rabin fuskata. Na yi sammako don in riga shi isa, in haye kafin ya buɗe. Ina shan kwanar layin na hango ƙofar shagonsa a wangale, yana tsaye yana goge gilashin kanta.

"Mai Ido! Yau da sassafe? Shigo, shigo. Dama akwai abin da nake so in nuna miki."

Ba yadda zan yi. Na shiga na zauna a bakin benci. Shagon fes kamar kullum, wayoyi a jere kowace da takardarta, ƙananan sukurori a cikin murafu, ƙamshin dalma da turaren ɗaki. A kan teburinsa akwai na'urar da yake duba cikin waya da ita, mai ƙara girman abu har ya fito a allo. Ya kunna ta, ya juyo allon wajena.

"Me kika gani?"

Da ido ɗaya na duba ta cikin tabarau. Wani baƙin abu ne kamar itace, gindinsa cike da dunƙulen laka, wani wurin baƙi, wani wurin rawaya kamar busasshen majina. A jikinsa wani siririn itacen ya manne, da ɗan farin kai a ƙarshe.

"Tir," na ce. "A wayar wa ka ciro wannan ƙazantar?"

"Tsaya, ba ki ga komai ba. Ranar da na kawo shi yana da rai. Na ɗauki bidiyo."

Ya miƙo mini wayarsa. Abin nan ne dai, amma a gindin siririn, wasu fararen abubuwa ne dogaye kamar gutsuren shinkafa, sun cusa kai cikin lakar, wutsiyoyinsu a waje. Ɗaya ya motsa. Ya lanƙwasa a hankali, ya miƙe, ya ƙara nutsewa. Na danne baki da mayafi.

"Naki ne," in ji shi. "Ranar da kika sunkuya kina kallon hoto a wayata ya faɗo a kan gilashin. Na naɗe shi a tishu."

Ban san lokacin da hannuna ya kai kan tabaran ba. Ƙaiƙayin nan na ƙananan ƙafafu ya taso gaba ɗaya, ido biyun, har cikin kaina.

"Wannan mai kaurin roba ce," ya ci gaba, yana nunawa da bakin sukundireba kamar malami a aji. "Wannan siririn shi ne naki na gaske. Wannan kuma gam ne iri biyu. Na biyun ma ban san ko na mene ne ba."

Da ƙyar na ce, "Tun yaushe ka sani?"

Ya yi dariyar nan tasa, kafaɗu na rawa. "Haba, Auta. A ƙasan benen nan nake wuni. Kin sauko ido jajur yana ruwa, ki ce kin raka ƙawa? Tun ranar farko mana."

"To me ya sa ka ce na Allah ne?"

"Hanyar buɗe hira ce. Na zaci za ki yi dariya. Da kika ce ƙawa kika raka, sai na ce bari in ga iya inda yarinyar nan za ta kai."

"Ka ga idon yana ja."

"Na gani."

"Ka ga yana kumbura. Ka ce ya ƙara cika."

"Ai ina jira ne ki faɗa da bakinki. Mace in za ka aure ta, gara ka san yadda take in ta shiga matsi. Kuma kin burge ni, wallahi. Kina da juriya. Mai shagon caja na kusa da ni cewa ya yi ba za ki wuce mako biyu ba."

"Shi ma ka nuna masa?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Su biyu ne kawai. Uku da mai gadi."

Masu karatu, na zaci na san ƙyama. Na kwana da ita, na tashi da ita, na shinshina ta a yatsana. Ashe ban san ta ba sai da na kalli mutumin nan, da gogaggiyar rigarsa da yankakkun faratansa, yana murmushi. Ni na yi ƙarya, ban musa ba, kuma ƙazantar a fuskata take. Amma shi ya zauna a falonmu, ya sha shayin Umma, yana kallon idona yana ruɓewa, yana ƙara mini yabo don in ƙara gam. Ya naɗe abin a tishu ya kawo wa maza suna kallo. Tsutsar da ke bidiyon ba ta san abin da take yi ba, shi kuwa ya sani.

"Kada ki damu," ya ce. "Na yafe miki. Maganar Hajiya tana nan."

Na miƙe. Na fita, na kama ƙarfen matakala, na hau a gaban idonsa.

Madam tana shara. Na cire tabarau, ta saki tsintsiyar.

"Innalillahi! Wa ya yi miki wannan? Ina sabulun da na ba ki?"

"Yana jakar Yayata."

Ta sa safar hannu, ta ɗaura takunkumi, har biyu ta ɗora. Ta kwantar da ni, ta shafa wani mai sanyi a gindin gashin, ta jira, ta fara janyewa. Ina jin kowane dunƙule yana rabuwa da fatata, ɓas, ɓas. Tana yi tana tsaki, tana jefawa a leda. Sau ɗaya ta tashi ta je bakin taga ta sha iska ta dawo. Baƙin gam ɗin Yaya ya ƙi narkewa, sai da ta bi shi da hantsaki, kuma duk inda ya fita da nawa yake fita.

Daga nan ta wanke. Ruwan ɗumi da kumfa, a kan idona, bayan duk tsawon lokacin nan. Jama'a, na yi kuka. Kukan da aka hana ni duk na yi shi a kan gadon matar nan, ita kuma ta bar ni, tana ta zuba ruwa.

Ta miƙo madubi. Fatar idon ta yi jajur, ta kumbura, bakinta duk ya sale. Gashi kuwa, na hagu babu ko ɗaya. Na dama 'yan tsiraru ne a gefe, gajeru, a karkace. Fuskata ta koma kamar ta jaririn ɓera.

"Zai fito," in ji Madam, "amma sai a hankali. Daga nan asibitin ido za ki wuce, ba gida ba. Kin ji ni?"

Wayata ta yi ƙara a jaka. Saƙon Umma ne: "An cire? Allah Ya sa dai kada wannan ma ya watse." Ina cikin karantawa nasa ya shigo, uku a jere.

"Hajiya ta biyo ta shago daga kasuwa. Na ce kina kusa, ta ce ba za ta tafi ba sai ta gan ki."

"Ki ce Madam ta sa miki sabo, irin na farkon, gajere."

"Na riga na gaya mata naki ne na halitta, har hoto na nuna mata. Don Allah kada ki kunyata ni."

Na karanta sau biyu. Na miƙa wa Madam ta karanta. Ta ja takunkuminta ƙasa, ta riƙe haɓa.

"Ni dai ba zan sa gam a kan wannan ciwon ba, ko za a rufe shagon," ta ce. Ta dube ni, ta buɗe durowa ta ciro wani ɗan kwali. "Akwai na mannawa, na wuni ɗaya. Ban ba ki shawara ba. Amma na san yadda gida yake in an sa rai."

Na kalli kwalin. Na tuna labulen da aka wanke, da waƙar Umma a kicin, da yadda za ta koma kallon silin. Hannuna har ya ɗan tashi. Sai fatar idon ta yi mini wani zugi, mai tsabta wannan karon, irin na ciwon da aka wanke.

"Mayar da shi, Madam."

Na sauko a hankali, tabarau a hannu. Yana tsaye a ƙasan matakala yana leƙe. Da ya ga fuskata murmushin ya ɗauke. Ya matso da sauri, ya rage murya.

"Ke, mene ne haka? Sa tabaran. Sa mana!"

Na buɗe jaka na jefa tabaran a ciki, na ja zif. Na raɓa ta gefensa na shiga shagon. Wata dattijuwa ce zaune a kan bencin, da ledojin sayayya a gabanta, fara'a fal fuskarta. Na durƙusa, kaina a ƙasa.

"Ina kwana, Hajiya."

"Lafiya lau, 'yata. Masha Allah. Ke ce dai." Ta miƙo hannu mai ƙamshin turare ta tallafi haɓata. "Ɗago mana in ga idon nan da aka cika mini kunne da shi."

A bayana na ji yana cewa, "Hajiya, dama ba ta ɗan jin daɗi ne..."

Na ɗago.